Gayyar da Na Kira wa Magdalene

Ni mutum ne mai baki. Ba alfahari nake yi ba, da abin aka haife ni, sai kuma na yi sa'ar samun aikin da ake biyan mutum a kansa. Sunana Gilbert Kumai, akawun tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Daga Litinin zuwa Asabar ina zaune bayan 'yar tagar nan mai waya. Mai zuwa Jos ya zo, mai zuwa Inugu ya zo, mai zuwa Kaduna ya zo, kowa ya tafi da tikitinsa da canjinsa da labarin da bai tambaya ba. Ran Lahadi kuma ni ne tafinta a coci. Fasto ya faɗi jimla ɗaya da Hausa, ni in mai da ita uku da Turanci saboda 'yan Kudu ma'aikatan reluwe, kada bayin Allah su koma gida da yunwa.

To mai wannan bakin shi Allah ya haɗa da Magdalene. Har yau ban gane ba ko hikima ce ko raha.

Magdalene ba ta da faɗa, ba ta gaba da kowa, ba ta da girman kai, ko da yake an sha laƙaba mata duka ukun. Ita dai a bar ta ita kaɗai. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ban lura ba, don gidanmu na kwatas cike yake da 'ya'yanmu biyar da na 'yan'uwa da ake turo mana daga ƙauye su yi makaranta. A cikin irin wannan hayaniya, in mace ta yi shiru sai ka ɗauka gajiya ce. Sai da Emilia, babbarmu, ta yi aure ta koma Jos, sauran suka watse makarantun kwana, auta ma ya bi sahu a shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan. Gida ya rage daga ni sai ita. Na ce madalla, yanzu ne zan zauna in yi hira da matata.

Na sayi babur Honda kamar kowa, na kuma sayi kujerun kushin guda biyu, na jera su a falo kafaɗa da kafaɗa. Ranar da aka kawo su ta zauna a tata, ta danna da tafin hannu, ta ce, "Da laushi." Sai ta tashi ta koma bayan gida ɓarar gyaɗa.

Da bazara ta yi, ta karɓi 'yar gonar cittar marigayiya mahaifiyarta, can bayan tsauni, tafiyar ƙafa mai ɗan nisa daga gari. Wanda bai san citta ba, ba a shiga gonarta da fartanya, kada a sare 'ya'yan da ke ƙasa. Da hannu ake cirar ciyawar, a tsugune, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ake haɗa wa yara in sun yi laifi. Magdalene kuwa ina fita aiki za ta ɗaura zaninta na gona, ta ɗauki gorar ruwa ta tafi, sai rana ta kusa faɗuwa. Ta dawo fuskarta a sake, kamar wadda aka yi wa albishir a hanya.

"Maman Emilia, sannu da gona. Me ya faru yau?"

"Ba komai."

"Wa kika gani?"

"Ba kowa."

Yadda take faɗin "ba kowa" ɗin nan, haka wasu ke faɗin yau mun ci nama.

Ba wai ta yi watsi da ni ba. Tuwona na nan da zafinsa, kakina a goge. Bayan mun ci takan ɗan zauna a bakin ƙofa, ni ina zuba labarin tasha, wa ya rasa jirgi, wa ya shiga na Inugu yana nufin Kaduna. Wani lokaci har ta yi dariya. Amma kafin in kai rabin abin da na tara tun safe, ta fara gyangyaɗi. In kwashe sauran labarin in kwana da shi.

Ran Asabar da nake tashi daga aiki da wuri, gidan yakan yi mini faɗi. In kunna rediyo, in kashe. In leƙa kaji. Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa zakara bayanin dalilin da ya sa jirgin Jos ke makara.

Na kai kukana wurin Sambo tela, wanda shagonsa ke kallon tasha, abokina tun muna samari.

"Akawu, yau ma gwauro ne?" in ji shi, bai ko ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Gwauro mai takardar aure."

"Kai dai ba ka san arziki ba. Ni da matata Rahmatu za ta yi shiru na yini guda, wallahi da rago zan yanka." Ya gatsa zare ya yanke. "Ko dai akwai wani a gonar?"

"Da akwai wani ai da na huta, Sambo. Mutum ana kai ƙararsa gaban dattawan ikilisiya. To ba kowa fa? Wa zan kai?"

Ya yi dariya har ya ɓata ɗinkin wuyan riga, ya ce ni zan biya.

Ran Lahadi bayan sujada Mama Hellen, shugabar zumuntar mata, ta tare ni a bakin coci. Hausar Mama Hellen ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "shi" ne, kamar yadda aka ce za a yi a sama.

"Baban Emilia, tsaya. Matan ka ɗin nan, shi ba ya zuwa zumunta. Mun aika, mun aika, mun gaji. Kai ne ka hana shi?"

"Ni? Mama, ni da zan samu ta zauna a wuri ɗaya da mutane, har baiko na musamman zan kai coci don godiya. Gona ce ta riƙe ta."

"Gona? Shi kaɗai? A cikin citta?" Ta kama haɓa. "Kana kwatas kana cin albashi, matan ka yana tsugune kamar marainiya. Haba Tafinta. Zumunta a kafa yake, amma hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukan jinka."

Karin magana biyu a numfashi ɗaya. Ni kuwa a nan dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da kayan biki. Idan ciyawa ce ta riƙe mini mata, sai a kawar da ciyawar. Mu a ƙasarmu in aiki ya fi ƙarfin mutum gayya ake kira, a taru a yi masa a yini ɗaya, shi kuwa ya ciyar ya shayar. Ba a neman izinin wanda za a taimaka wa. Wa ya taɓa ƙin gayya?

Magdalene a bencin ƙarshe take zama, kuma ana fara sanarwa take sulalewa, kafin a fito a shiga gaishe-gaishe. Saboda haka Lahadin da ta biyo, da sakatare ya gama karanta tasa sanarwar, na ƙara tawa a kai, da Hausa da Turanci, ba tare da an ba ni ba. Gayya ran Asabar a gonar Maman Emilia, kada kowa ya gaya mata. Fasto ya dube ni ta saman tabarau, amma ya saba.

Na karɓi hutun ranar. Aka dama kunu a gidan Mama Hellen, aka tuƙa gwaten acca a manyan tukwane, na sayi akuya. Mawaƙan coci suka zo da gangarsu. Har wasu 'yan Kudu biyu daga loko, wurin gyaran kan jirgi, waɗanda ba su taɓa ganin citta a ƙasa ba sai a shayi, suka biyo mu da takalman roba. Muka ɗauki hanya ni ne a gaba, da malafa, kamar mai kai amarya.

Da muka kusa na ɗaga hannu a yi shiru, na riga su hawa kan dutsen da ke bakin gonar.

Tana can ƙarshen kunya a tsugune, ta ba ni baya. Ta cire ɗankwali ta rataye a reshen ɗorawa. Waƙa take yi da yarenmu, a hankali, wata tsohuwar waƙar niƙa da rabona da ji tun ina yaro. In ta ciri ciyawa sai ta karkaɗe ƙasar jikin saiwar, ta dube ta, ta ajiye a gefe, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai wannan. Shekara ashirin da ɗoriya muna ɗaki ɗaya, ban san matata na da murya ba.

Da an ba ni ko ɗan lokaci kaɗan, ina jin da na juya na ce wa jama'a mun yi ɓatan hanya. Amma mai ganga ya ga na tsaya, ya ɗauka alama ce.

Ta miƙe zumbur. Ta dubi mutanen da ke gangarowa ta kowane gefe, mata da tukwane a ka suna guɗa, sannan ta dube ni a kan dutse da malafata. Ba ta ɓata rai ba. Hannu kawai ta kai ta jawo ɗankwalin ta ɗaura.

Duk abin da ya kamata ta yi, ta yi. Ta durƙusa ta gai da dattawa. Ta bi layi tana miƙa kunu, tana sannunku, sannunku, Allah ya saka. Aka jeru a kunyoyi ana waƙa ana cira, 'yan Kudun nan suna tumɓuke citta suna barin ciyawa har aka mai da su wajen gashin nama. Kafin rana ta take tsaka gonar ta yi fes kamar tafin hannu. Wani dattijo ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ƙara wa ikilisiya mazaje irin ɗan'uwa Gilbert. Na sunkuyar da kai yadda ya dace da mai tawali'u.

Mama Hellen ta zauna a gindin ɗorawar tana fifita da gefen zani.

"Kai, wurin nan yana da iska! Maman Emilia, ashe abin da ka ɓoye mana ke nan. To yanzu aiki ya kare, ran Alhamis muna jiran ka. Kuma mu ma za mu riƙa zuwa nan, mu taya ka, mu yi addu'a a inuwan nan."

"To, Mama," in ji Magdalene.

Na samu abin da nake so. In na dawo daga tasha tana falo a kan kushin, hannuwa a cinya. In zauna a tawa in buɗe baki. Ta ce, "To." Ta ce, "Haka ne." Ba ta gyangyaɗi, ba ta kuma dariya. Ran Alhamis ta ɗaura zanin zumunta ta tafi, ta dawo ta kwanta da ciwon kai. Ta koma gonar sau ɗaya, ta tarar da mata huɗu sun riga ta, sun shimfiɗa tabarma, sun zo da littafin waƙa. Ba ta sake komawa ba.

Sambo ya ce, "Yaya amarya? An ce yanzu sai da sallama ake shiga falonka."

Na ce masa lafiya lau. Ya dube ni, ya ga ban ƙara komai a kai ba, ya tsai da keken.

"Akawu, jimla ɗaya? Ko in kira maka malamin asibiti?"

Wata ranar Talata aka ce jirgin Kaduna ba zai iso ba sai gobe, ruwa ya ɓata hanya, na rufe taga na dawo gida da rana. Ba ta falo, ba ta ɗaki, ba ta kicin. Na zaga baya. Tsakanin akurkin kaji da katangar kwano akwai wani ɗan lungu inda muke jingine tsofaffin kaya. Tana ciki, zaune a kan turmin da aka kifa, tana fuskantar kwanon. Ba gyaɗa a hannunta, ba komai. Wurin ko miƙe ƙafa ba a iya yi.

"Maman Emilia."

Ta ɗan zabura, ta fara gyara ɗankwali. Wannan gyaran ɗankwalin ya fi mari zafi.

"Ka dawo? Bari in ɗora ruwa."

"Zauna. Laifi na yi?"

"Kirki ka yi. Kowa ya faɗa."

"Ni ba kowa nake tambaya ba."

Na ciji harshena, don na san in na ba shi dama shi zai amsa mata tambayar.

"Ciyawar nan," in ji ta, "na riga na raba ta. Da za ta kai ni har kaka."

"Ai aikin wahala ne. Na ga kina dawowa da ciwon baya."

"Wa ya ce maka ina so ya ƙare?"

"To ai za ta sake fitowa."

"Za ta fito. Su Mama Hellen ma sun san hanya."

Kaza ta leƙo, ta ga ba hatsi, ta koma. Na yi tambayar da na daɗe ina kewaya wa.

"Ni ne ba kya son gani?"

Ta ɗago ta dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa yaron da ya kawo amsar lissafi a gurguje.

"Baban Emilia, a gidanmu mu tara ne a ɗaki ɗaya. Daga can aka kawo ni nan. Ban taɓa rufe ƙofa na ji ba mai kirana ba sai bana." Ta shafa gefen turmin. "In na yini ni kaɗai, da yamma ina iya jin ka. In na yini da mutane, kai ma mutane ne."

Ni da nake mai da jimla ɗaya uku, na rasa yadda zan yi da wannan. Na ce bari in ɗora ruwan da kaina. Na ɗora, na manta ban hura wuta ba.

Ran Asabar na hau Honda na tafi ƙauyenmu wurin yayana Tagwai, wanda gonakin gidanmu ke hannunsa. Akwai wata saura ta mahaifinmu a hayin rafi, an daɗe ba a noma ta ba saboda nisa, ba hanya, ba maƙwabci, sai birai. Na ce ina so.

"Kai? Noma?" Tagwai ya dubi hannuwana. "Da biro za ka yi huɗa?"

"Magdalene ce za ta zuba acca."

"Acca a hayi, ita kaɗai? Ai ba abin da ya kai acca cin rai wajen cira. Bari in gaya wa samari, mu kira mata gay—"

"Yaya, don girman Allah."

Ya ga fuskata, ya ɗauka faɗa muka yi, ya fara ba ni shawarar zaman aure. Na saurara har ƙarshe. Na roƙe shi abu ɗaya, in an tambaye shi ya ce bai sani ba.

Wahalar ba a wurin Tagwai take ba, a wurina take. Mama Hellen ta tare ni ran Lahadi.

"Tafinta, mun je gona ba mu gan shi ba. Ran Alhamis ma bai zo ba. Ina yake shiga kuma?"

Amsar na nan a kan harshena, da kwatancen hanya, da tarihin gonar tun daga kakana, da labarin biran. Na haɗiye. Na ce, "Tana lafiya, Mama." Na wuce. Ina jin ta tana ce wa na kusa da ita ba shakka akwai matsala a gidan nan, a sa mu a addu'a. An kuwa sa mu. Ni na fassara.

Ranar da za ta fara, na goya ta a Honda da ƙwaryar iri a cinyarta da 'yar fartanya. Rabonta da hawa bayana tun ranar da na sayo shi. Muka bar titi, muka bi turbar shanu har inda ta ƙare a bakin rafi. Ruwan bai wuce gwiwa ba. Na kashe inji, na fara naɗe ƙafar wando.

"Nan ma ya isa," in ji ta.

"In raka ki ki ga iyaka. Akwai wani dutse da baba ya—"

"Yaya Tagwai ya kwatanta mini."

Na warware wandon. Ta aza ƙwaryar a ka, ta tattare zani, ta tsaya tana duban ruwan.

"In Agusta ta yi rafin nan zai cika," in ji ta. "Ba kullum zai ƙetaru ba. Sai an yi 'yar bukka a can."

"Ki kwana? Kwana nawa?"

"Ruwa ne zai faɗa."

Na ce akwai tsofaffin kwanoni a bayan gida, zan kawo su nan bakin rafi. Ta ce to. Ta sa ƙafa a ruwa, sai ta waiwayo.

"Da yamma ka zo da labarin jirgin Kadunan nan. Ban ji ƙarshensa ba."

Ta haye. Ina kallon ƙwaryar tana tafe a saman ciyawa, har ciyawar ta fi ta tsawo. Na buɗe baki in ce ta yi hankali da macizai wajen duwatsun nan, na tuna a ƙauye aka haife ta.

Ban ta da babur nan da nan ba. Rana ko ɗagawa ba ta yi ba, yamma kuwa na can da nisa. Sai ga wata Bafulatana ta ɓullo ta turbar, da ƙoren nono a ka, za ta kasuwar Kafanchan. Ta ce sannu. Na ce yauwa sannu, daga wace ruga? Na tambaye ta shanu, na tambaye ta ruwan bana, na gaya mata in tana so ta riƙa kai nono Jos akwai jirgin safe, na fara yi mata bayanin inda ake canji. Ta sauya ƙafa, ta sake sauyawa.

"Baba," in ji ta, "nonon zai yi tsami."

Na matsar da babur ta wuce.